Darasin Audugar Funtuwa Ga Masu Kafa Masana'antu A Karkara

Daga Wakilinmu

A cikin watan Afrilu na shekarar 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, tare da shugaban Bankin Raya Ƙasashen Afirka na wancan lokaci, Dokta Akinwumi Adesina, ya aza harsashin ginin wani yanki na musamman na masana'antun sarrafa amfanin gona a Jihar Kaduna. Wannan yanki ɗaya ne daga cikin takwas da aka tsara a zangon farko na shirin, watau a jihohin Kaduna, Kano, Kwara, Oyo, Ogun, Imo da Kuros Riba, da kuma Birnin Tarayya, a kan kuɗin da suka haura dala miliyan 500. Manufar shirin ita ce a tara masana'antu kusa da inda ake noma, a wadata su da hanya da ruwa da lantarki, domin a riƙa sarrafa amfanin gona tun daga tushe, matasan ƙauye kuma su sami abin yi a gida maimakon kwarara birane.

Ko shakka babu manufa ce mai kyau. Sai dai wannan ba shi ne karo na farko da aka yi wa mutanen karkara irin wannan albishir ba, kuma dattawan ƙasar Katsina da Zazzau da Zamfara da Gombe sun ga lokacin da masana'anta ta raya garuruwansu, sun kuma ga lokacin da ta mutu ta bar su. Saboda haka ya kamata ma'aikatan gwamnati da za su gudanar da shirin, da ɗaliban da ke sa ran cin moriyarsa, su tsaya su yi tambaya guda: me ke sa wata masana'anta ta jawo hanya da kasuwa da sana'o'i zuwa ƙauye, wata kuwa ta tsaya kamar baƙo a bayan katanga? Amsar da tarihinmu ya bayar ita ce, masana'anta tana raya karkara ne gwargwadon yadda ta dogara da gonar ƙaramin manomi, da kuma gwargwadon yadda manomin ya amince cewa za a sayi kayansa baɗi kamar yadda aka saya bana. Babu inda wannan ya fito fili kamar a sha'anin auduga.

Yadda Auduga Ta Gina Garuruwa

A shekarar 1902 masu masaƙu na ƙasar Ingila suka kafa wata ƙungiya a birnin Manchesta mai suna BCGA, don neman wuraren da za su riƙa samo auduga ba tare da dogaro da Amurka kaɗai ba. Ba don ƙaunar talakan Nijeriya suka zo ba, kasuwarsu suke yi wa tanadi. Sun ɗora babban buri a kan Kano, amma da jirgin ƙasa ya isa can cikin 1911 sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba suka rungume ta, 'yar audugar da ake samu kuwa masaƙan gargajiya na ƙasar suna biyan kuɗin da ya fi na Turawa. Wannan shi ya sa cinikin audugar da ake fitarwa waje ya koma ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Zamfara, inda aka yaɗa irin nan na Amurka da ake kira Alan.

Ita auduga ba a iya kai ta masaƙa sai an gurje ta an raba ta da angurya, kuma ɗaukarta da anguryarta zuwa nesa asara ce, domin anguryar ta fi zaren nauyi. Tilas ke nan a kafa gidan gurza kusa da gonaki. Da haka aka sami gidajen gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau da Malumfashi, daga baya kuma a Gombe da Kumo. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta isa Ƙaura Namoda cikin 1929, ta Gombe kuwa ta isa cikin 1963. Funtuwa, wadda a da ƙaramin gari ce a ƙasar Maska, ta bunƙasa har aka mai da mazaunin hakimi can, yau ga ta ita ce ta biyu a girma a Jihar Katsina. Har yanzu a Funtuwa da Gombe akwai unguwar da jama'a ke kira Bisije, sunan waccan ƙungiya ke nan da ya zauna a bakin mutane.

Abin lura a nan shi ne, gidan gurza ba ya da gonar da za ta ci da shi. Idan manoma ba su shuka ba, injin ba ya motsi. Wannan buƙata ita ta haifar da tsarin da dattawa ke tunawa. Ana inganta iri a Samaru, a yawaita shi a gonar Daudawa, a raba wa manoma kyauta ta hannun En'e da hakimai da dagatai, kowane yanki da irinsa, ba a gauraya. Ana shelar farashi tun kafin a buɗe ciniki. Ana da kasuwannin auduga sanannu, kowace da sikeli da malamin da ke duba kaya ya raba mai kyau da maras kyau. Bayan kaka kuma doka ta tilasta a tuge karan auduga a ƙone, don kada tsutsa ta sami mafaka har wata damina. Domin motoci su kai ga waɗannan kasuwanni, dole aka riƙa gyara hanyoyin burji da kwalbatoci da zarar ruwa ya ɗauke.

Mai karatu ya dubi yawan bakin da ke ci daga wannan sana'a guda. Akwai manomi da masu taya shi tsinka, akwai masu jakai da raƙuma da amalanke, akwai masu awo da 'yan dako da direbobi da makanikai, akwai leburorin gidan gurza waɗanda ke samun aikin rani a gida ba sai sun tafi ci-rani ba. Daga angurya ana samun mai, ana samun abincin shanu. Mai tuwo da mai shayi da tela da maƙeri duk suna jiran kakar auduga, domin da kuɗinta ake biyan haraji, a yi aure, a sayi keke da kwanon rufi.

Da aka buɗe masaƙar Kaduna ta KTL cikin 1957, bisa haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila, sai sarƙar ta cika, tun da yanzu audugar tana zama yadi a cikin gida. Masaƙar UNTL da ta Arewa suka biyo baya cikin shekarun 1960, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, masaƙu suka zama kan gaba wajen ɗaukar ma'aikata a duk masana'antun ƙasar nan. Cikin 1977 da aka kafa hukumomin cinikin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya, a Funtuwa aka ajiye hedkwatar Hukumar Auduga.

Ba za a ce tsarin ba shi da aibu ba. Hukumomin ciniki sun daɗe suna biyan manomi ƙasa da abin da kayansa ke kawowa a kasuwar duniya, rarar kuwa gwamnati ke juya ta, galibi a birane. An kuma yi kukan masu awo da 'yan baranda da ke tauye mudu. Duk da haka, manomi ya san inda zai sami iri, ya san inda zai kai kaya, ya kuma san abin da za a biya shi.

Yadda Igiyar Ta Tsinke

Rauni ya fara ne tun zamanin arzikin man fetur. Cikin 1975 aka soma manyan ayyukan raya aikin gona na Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya, dukansu a tsakiyar ƙasar auduga. An shimfiɗa hanyoyin karkara, an gina ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da taki. Amma a daidai wannan lokaci farashin abinci yana ta hawa, ladan ƙwadago ya yi tsada, farashin auduga na hukuma kuwa yana tafiyar hawainiya. Manomi ba wawa ba ne. Da ya sami taki mai rahusa da hanyar fitar da kaya, sai ya juya ga masara. Kasuwannin hatsi irin su Dandume da Bakori da Giwa suka haɓaka, gidajen gurza suka soma ƙishirwa, har ta kai a farkon shekarun 1980 masaƙunmu suna sayo auduga daga ƙasashen waje. Darasin wannan a fili yake: hanya ba ta da alkawari da kowace masana'anta, duk amfanin da ya fi kawo kuɗi shi za ta ɗauka.

Cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki a ƙarƙashin shirinta na gyaran tattalin arziki. Abin mamaki, a wannan shekara ce kuma ta kafa hukumar samar da abinci da hanyoyi da raya karkara, wadda aka fi sani da DFRRI. Watau da hannun dama ana fasa hanyoyi ana haƙa rijiyoyin burtsatse, da hannun hagu kuwa ana kwance tsarin da ke sa kuɗi su bi waɗannan hanyoyi. Gaskiya ne da farko farashi ya tashi, manoma sun ji daɗi. Sai dai ba a ɗora wa kowa nauyin ayyukan da hukumar ke yi ba. Iri ya gauraye, ya rage tsiro. Aka daina duba kaya a kasuwa, marasa tsoron abin kunya suka shiga zuba ruwa da yashi don ƙarin nauyi. Buhunan leda suka maye gurbin na yadi, zarensu yana shiga cikin auduga yana ɓata rini. Kamfanin da ya ba manomi iri da magani bashi sai ya tarar wani ya riga shi saye kayan, saboda haka kowa ya janye hannunsa.

Su kuma masaƙu ga tsadar kayan gyaran inji bayan faɗuwar darajar Naira, ga rashin tsayayyar lantarki, ga tsadar baƙin mai. An ɗage hanin shigo da yadi cikin 1997, atamfofin Asiya masu araha suka cika Kantin Kwari, wasu ta tashar ruwa, wasu ta fasa-ƙwauri daga Kwatano ta hanyar Maraɗi da Jibiya. KTL ta rufe cikin 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna cikin 2007. An yi ta jin kukan ma'aikatan Kakuri da suka rasa aiki, kuma kukansu gaskiya ne, amma ba a cika jin na manomin Faskari da ɗan dakon Malumfashi ba, alhali su ne suka fi yawa. An ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu wajen 2010 don farfaɗo da sana'ar, Babban Banki kuma ya sake yunƙurawa cikin 2019 da rabon iri a Katsina da hana masu shigo da yadi canjin kuɗin waje. An janye wannan hani cikin Oktoba 2023. Kuɗi dai sun fita, amma tsarin da zai haɗa iri da awo da farashi da mai saye bai dawo ba.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga bambanci. A arewacin Kamaru, kamfanin SODECOTON mai hedkwata a Garwa, wanda aka kafa cikin 1974, ya riƙe irin tsarin da muka watsar: yana ba ƙungiyoyin manoma iri da taki da magani bashi, yana faɗin farashi tun da wuri, yana sayen kaya ya cire bashinsa, yana kuma gyara hanyoyin da motocinsa ke bi zuwa ƙauyuka. A 'yan shekarun nan yakan sayi fiye da tan 300,000 a kaka guda. Mali da Barkina Faso da Binin su ma da irin wannan tsari suka shiga gabanmu. Nasu raunin shi ne, kusan duk audugar suna fitar da ita waje ba tare da sun saƙa ba. Mu da muka taɓa haɗa gona da masaƙa a ƙasa ɗaya, mun saki duka biyun.

Abin Da Ya Faru A Kadawa

Wani zai ce wannan tsohon labari ne. To, ga sabo. A Kadawa ta Jihar Kano, cikin yankin noman rani da madatsar ruwa ta Tiga ke shayarwa tun bayan kammala ta cikin 1974, kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatirin gwangwani cikin Maris 2016, mai iya cinye tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kowace rana. In ana neman wurin da ya dace, babu kamar nan, domin kowa ya san yadda kwandunan tumatir ke ruɓewa a Kwanar Gafan idan kaya ya yi yawa. Amma ba a daɗe da buɗewa ba aka rufe. A wannan shekara ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, farashi ya yi tashin gwauron zabo, ɗan abin da ya tsira kuwa aka yi Legas da shi. Ko da aka koma aiki cikin 2019, masana'antar ba ta sami kayan da za su kai ta kusa da ƙarfinta ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tumatir na zuwa ne cikin 'yan watanni na rani, injin kuwa yana son aiki mai tsawo kafin ya mai da kuɗinsa. Irin da aka saba shukawa don miya ruwa ya yi masa yawa, ba shi ne ya fi dacewa da gwangwani ba. Abin da eka ke bayarwa kaɗan ne, saboda haka farashin da zai fisshe manomi ya fi ƙarfin kamfani, wanda shi kuma yake gasa da markaɗaɗɗen tumatir na ƙasar Sin. Idan kasuwa ta yi kyau manomi ya bi kasuwa, idan ta faɗi kowa ya nufo ƙofar kamfani rana ɗaya. Gwamnati ta ƙara kuɗin fito a kan na waje cikin 2017, kamfanin kuma daga baya ya kafa wurin renon dashe don raba wa manoma ingantaccen iri. Watau an dawo kan abin da masu gidan gurza suka gane tun shekaru ɗari da suka wuce, cewa aikin masana'anta daga gona yake farawa. An gina rumbu kafin a yi shuka.

Manyan Kamfanoni Masu Cin Gashin Kansu

Akwai kuma wani rukuni na masana'antun karkara waɗanda ba su dogara da ƙaramin manomi ba. Kamfanin siminti na Ashaka, wanda ya fara aiki cikin 1979, dutse yake haƙa. Kamfanin sukari na Savannah da ke Numan, wanda madatsar Kiri ta 1982 ke ba ruwa, gandunsa na rake yake nomawa, ko da yake yana da wasu manoma na gefe. Ba a musun amfaninsu. Sun kawo kwalta da lantarki da asibiti da makaranta, garuruwa irin su Bajoga sun ƙaru da su, dubban mutane kuma suna karɓar albashi ko ladan yankan rake. Amma amfanin yakan taru ne a kewayen kamfani, hanyarsa daga ƙofarsa take zuwa babban titi, aikin injiniya kuwa sau da yawa sai an ɗauko mai yinsa daga nesa. Bugu da ƙari irin waɗannan ayyuka suna cin ƙasa mai yawa. Madatsar Kiri ta tashi dubban mutane daga gidajensu, kuma ba a manta da abin da ya auku a Bakolori cikin Afrilu 1980 ba, sa'ad da rikicin diyyar gonaki ya jawo asarar rayukan manoma.

Cikin 2019 Gwamnatin Tarayya ta fito da dokar da ta ba kamfanoni damar gina hanya a cire musu kuɗin daga harajinsu. An ga irin wannan aiki a hanyar kankare mai tsawon kilomita 43 daga Obajana zuwa Kabba a Jihar Kogi. Hanya ce mai amfani ga kowa, amma manyan tituna irin wannan dabara ta fi gyarawa, waɗanda tireloli ke bi. Matsalar manomi kuwa tana cikin kilomita goma na farko, daga gona zuwa bakin titi, inda rafi guda marar kwalbati kan raba ƙauye da kasuwa wata uku na damina.

Ƙananan Injina, Yawan Hannaye

Wanda ke son ganin inda aikin yi ya fi yawa, ya je Kura a Jihar Kano lokacin kakar shinkafa. Ƙananan injinan casa ne birjik, kusan duk na mutanen gari. Mata suna turara shanshera, samari suna shanya suna ƙulla buhu, ga masu awo, ga dillalai, ga masu walda da ke ƙera kayan gyara, har buntun ma yana da masu saye. Jarin da ke ɗaukar mutum guda aiki a kamfanin siminti zai ɗauki mutane da yawa a nan, ribar kuma a garin take kwana. Abin da ke danne su shi ne wuta da jari. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023 kuɗin tafiyar da inji da na sufuri suka ninka, kuma cikin Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki.

Shinkafar ma ta ɗanɗani sauyin manufa. Shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015, da rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sun sa an kafa manyan injina a Kebbi da Kano da Jigawa. Amma bashi mai yawa bai dawo ba, Babban Banki ya janye daga irin wannan rance, sa'an nan cikin 2024 aka ɗage kuɗin fito a kan wasu kayan abinci don sauƙaƙa wa jama'a tsadar rayuwa. Mai saye a birni ya sami sauƙi, manomin da ya sayi taki da tsada kuwa ya ga farashin shanshera ya faɗi. Mai jari ba ya kafa inji don shekara guda, manomi ma ba ya gyara fadama don kaka ɗaya.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Daga waɗannan misalai ana iya tsamo sharuɗɗan da ya kamata hukuma ta gindaya wa sababbin yankunan masana'antu. Na farko, kada a ba kowane kamfani fili da rangwamen haraji sai ya nuna manoman da zai saya daga gare su, da yarjejeniya a rubuce ta hannun ƙungiyoyinsu, wadda ta faɗi mafi ƙarancin farashi tun kafin shuka, ta kuma bar ƙofar ƙari idan kasuwa ta tashi. Yarjejeniyar ta hau kan kowa: kamfanin da ya ƙi saye a hukunta shi, manomin da ya karɓi taki ya karkatar da kaya shi ma ƙungiyarsa ta biya.

Na biyu, a san wanda ke da alhakin iri da awo da malaman gona. Ba muna kiran a dawo da hukumar ciniki yadda take a da ba, da tauye farashinta da almubazzarancinta. Amma ayyukan nan uku ba sa yin kansu, kuma shekaru kusan 40 sun isa shaida cewa kasuwa kaɗai ba ta ɗauke su ba. Cibiyar bincike ta Samaru tana nan, abin da ya rage shi ne a haɗa ta da masu masana'antu da jihohi, a kuma ɗora wa kowace dila ko buhu ɗan abin da zai riƙe aikin.

Na uku, a auna hanya daga gona, ba daga ƙofar kamfani ba. Idan za a yafe wa kamfani haraji don aikin hanya, a sa hanyoyin burji da kwalbatocin ƙauyukan da ke kawo masa kaya a cikin lissafi. Ƙananan hukumomi, waɗanda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cikin Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, su ne ya wajaba su riƙe gyaran waɗannan hanyoyi kowace shekara. Haka kuma wutar da za a ja wa yankin masana'antu kada ta tsaya a bakin katanga, a kai ta ga masu injin casa da niƙa da walda na garuruwan kewaye.

Na huɗu, duk gonar da za a karɓa a biya diyyarta kafin a sa mata katafila, a kuma yi shawara da masu ita a fili. Na biyar, a tsai da manufar shigo da kaya ta shekaru, a sanar da jama'a tun da wuri in za a sauya. Daɗin daɗawa, duk waɗannan ba su da amfani in babu tsaro. Ƙasar da ta ciyar da gidajen gurza na Funtuwa da Gusau, watau su Faskari da Sabuwa da Dandume da Tsafe, tana cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba a shekarun nan, har manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa. Masana'antar da manomanta ba sa iya zuwa gona, rufaffiya ce tun ba a buɗe ta ba.

Daga ƙarshe, akwai magana ga ma'aikatan da ke rubuta rahoto, da ɗaliban da za su gaje su. An saba auna ci gaba da yawan harsashin da aka aza da kuɗin da aka ware. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne: kwana nawa injin ya yi yana aiki a shekara, tan nawa ya saya, daga hannun manoma nawa, a kan wane farashi, kuma kwana nawa suka jira kafin a biya su. Waɗannan alƙaluma ya kamata kowace ma'aikatar ciniki da ta gona ta riƙa bugawa duk ƙarshen kaka, majalisun jihohi kuma su riƙa tambayarsu. In an ga suna hawa, hanya da kasuwa da sana'a za su biyo baya, kamar yadda suka bi auduga zuwa Funtuwa. In kuwa ba a gan su ba, to, nan da shekaru kaɗan za a ƙara samun wata unguwa mai ɗauke da sunan kamfani, jikokinmu suna tambayar abin da aka taɓa yi a wurin.